Tambayoyi da amsoshi: shin sassan ƙarfe suna da amfani ga mai koyon tuƙa ƙaramin helikwafta na rimot?

Duk wanda ya sayi ƙaramin jirgi mai saukar ungulu na rimot, ya kuma shiga intanet neman kayan gyaransa, zai ci karo da hotunan sassa na alminiyam masu ƙyalli, ja da shuɗi da ruwan zinare, waɗanda ake tallatawa a matsayin ingantattun madadin na roba da jirgin ya zo da su. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu fara wannan sha'awa a Bauchi da kewaye suka fi yi a kan waɗannan sassa, musamman da yake kusan komai sai an yi odarsa daga waje, a biya da dala, a kuma jira makonni kafin ya iso.

A taƙaice, ya kamata mai koyo ya cire sassan roba ya sa na ƙarfe?

Galibi bai kamata ba. Mai koyo faɗuwa yake yi, kuma zai ci gaba da yi har hannunsa ya faɗa, don haka abin da ya fi buƙata shi ne jirgin da gyaransa ke da arha da sauri. Sassan ƙarfe an yi su ne domin matuƙin da ya riga ya ƙware, wanda yake juya jirgi da ƙarfi har roba ta fara tanƙwara a ƙarƙashin nauyin aikin. Akwai wurare biyu ko uku da ƙarfe ke da amfani tun daga farko, kuma za a zo kansu a ƙasa.

Ashe ƙarfe bai fi roba ƙarfi ba? Ta yaya abin da ya fi ƙarfi zai ƙara wa mutum asara?

Ya fi ta ƙarfi, kuma a nan matsalar take. Idan fuka-fukan jirgi suka bugi ƙasa suna cikin juyawa, ƙarfin bugun dole ya sami wurin da zai ƙare. A jirgin da ke da sassan roba, yakan ƙare a kan mariƙin fiffike, ko hannun sarbo, wato ɗan injin da ke tura sandunan sarrafa kan jirgin (mahaɗar da ke riƙe fuka-fukai tana juyawa da su), ko kuma 'yan sandunan haɗi masu bakin roba. Waɗannan su ne mafi arha a jikin jirgin, ana sayar da su a ƙunshi, kuma sauya su aikin 'yan mintoci ne. Aikinsu kamar na fiyus ne a wayar wutar gida: ya ƙone shi kaɗai domin firij da talabijin su tsira, kuma wanda ya maye gurbinsa da waya mai kauri bai hana wuta yin yawa ba, ya dai buɗe mata hanya ne zuwa kayan da suka fi tsada.

Idan aka sa mariƙi na alminiyam, ba zai karye ba, sai ya miƙa bugun gaba: zuwa gajeren shaf ɗin da ke ratsa kan jirgin ya riƙe fuka-fukan biyu, daga nan zuwa babban shaf, zuwa boris, zuwa haƙoran sarbo, wani lokaci har jikin firam. Mutum zai ɗauki jirginsa ya ga sassan da ya saya suna nan lafiya suna ƙyalli, ya yi murna, sai ya tayar da shi ya ji yana karkarwa kamar zai wargaje. Maimakon abu ɗaya mai arha, yanzu abubuwa uku ko huɗu ne suka taɓu, kuma biyu daga cikinsu sai an kwance kan jirgin gaba ɗaya kafin a kai gare su.

To ai gara abu ya lanƙwashe da ya karye, tunda ana iya miƙe shi?

A nan ma lissafin ya sha bamban da na babur ko keke. Roba idan ta ji bugu, ko dai ta tanƙwara ta koma yadda take, ko ta karye kowa ya gani. Alminiyam kuwa yakan lanƙwashe kaɗan ya tsaya a haka, lanƙwasar da ido ba ya gani amma jirgi yana ji. Helikwafta mai girman 450 (lambar da ake rarraba jiragen da ita bisa girmansu), irin T-Rex 450 na kamfanin Align na Taiwan da ire-irensa, yana da fuka-fukai masu tsawon milimita 325, kuma kansa yana juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya. A wannan gudu, bakin fiffike yana tafiyar da ta kai kimanin kilomita 400 a awa, kuma fiffike mai nauyin giram 20 kacal yana jan mariƙinsa waje da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 40. Ƙaramar karkata a irin wannan wuri tana zama jijjiga, jijjigar kuma tana rikita na'urar jairo da ke riƙe daidaiton jirgin, sai mai koyo ya yi ta zargin hannunsa alhali laifin yana jikin ƙarfen.

Shaf yana da sauƙin gwadawa. A cire shi, a goge, a ɗora a kan gilashi ko madubi da aka kwantar a tebur, a mirgina shi da yatsa a hankali. Idan miƙaƙƙe ne zai tafi sumul ba sauti, idan kuwa ya lanƙwashe za a ji yana ɗan ƙwanƙwasa gilashin, a kuma ga haske yana shiga yana fita ta ƙarƙashinsa. Mariƙin fiffike da cibiyar kan jirgi ba su mirginuwa, saboda haka gano karkatarsu sai da gogewa. Miƙe alminiyam da filaya kuwa yana raunana shi, kuma sashen da ke ɗauke da jan kilo 40 ba wurin gwaji ba ne.

Nauyin da sassan ƙarfe ke ƙarawa yana da wani tasiri?

Ya danganta da girman jirgin. Alminiyam yana da nauyin giram 2.7 a kowane kiyubik santimita (ɗan dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri), nailan kuwa, wanda da shi ake yin yawancin sassan roba, kimanin giram 1.14 ne, wato bai kai rabi ba. A jirgi mai girman 450, wanda nauyinsa da batir ya doshi kilo ɗaya, ƙarin giram ashirin ba wani abu ba ne. Amma ƙananan jiragen da aka fi fara koyo da su, irin XK K110 mai nauyin kimanin giram 60, ƙarin giram 6 kawai ya zama kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu, kuma ƙarfin da farfela ke buƙata don riƙe jirgi a iska yana ƙaruwa fiye da yadda nauyin ya ƙaru, ta yadda wannan kashi 10 zai ci kusan kashi 15 na ƙarin ƙarfi. Batirin da dama minti biyar ko shida yake yi zai ragu, moto zai ƙara zafi, jirgin kuma zai faɗo da ƙarfin da ya fi na da.

Babbar falalar ƙananan jiragen nan ita ce rashin nauyinsu. Idan matuƙi ya kashe totur kafin jirgin ya taɓa ƙasa, sau da yawa ɗauka kawai zai yi ya kakkaɓe ya sake tashi. Wanda ya loda masa ƙarfe ya sayar da wannan falala da kuɗinsa. Garin Bauchi kuma yana sama da mita 600 daga doron teku, ga zafin watannin Maris da Afrilu da kan doshi digiri 40, kuma iska mai zafi a wuri mai tudu ba ta da kauri kamar mai sanyi, don haka farfela tana samun ƙarancin abin turawa tun kafin a ƙara mata kaya.

Masu talla suna cewa sassan ƙarfe suna sa jirgi ya fi natsuwa. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ba irin natsuwar da mai koyo ke nufi ba. Sassan da aka sassaƙa da injin kwamfuta ba su da wasa sosai a mahaɗarsu, kuma ba su tanƙwara, saboda haka jirgi yana amsa umarnin rimot nan take. Ga ƙwararre wannan daɗi ne. Ga wanda yatsunsa ke rawa a kan sanda kuwa, jirgin da ke amsawa nan take zai amsa kuskurensa ma nan take. Natsuwar da ake nema lokacin koyon tsayar da jirgi wuri ɗaya tana fitowa ne daga daidaita fuka-fukai su riƙa bin layi ɗaya, da rage kaifin sanduna a cikin saitin rimot, da kunna yanayin da jirgin ke daidaita kansa idan yana da shi. Duk waɗannan kyauta ne.

Waɗanne sassa ne ƙarfe ya cancanta a cikinsu tun daga farko?

Na farko shi ne sarbo mai haƙoran ƙarfe, a jirgi mai girman 250 zuwa sama. Haƙoran roba na cikin sarbo sukan kakkarye kusan duk lokacin da fuka-fukai suka bugi ƙasa, kuma buɗe ɗan akwatin a jera ƙananan giyoyi huɗu ko biyar bisa tsarinsu aiki ne mai cin rai, balle idan sai an jira wata guda kafin sababbi su iso. Sharaɗin dai shi ne a bar hannun sarbon a na roba, domin a sami abin da zai karye a madadin giyar. A kuma sani cewa haƙoran ƙarfe sukan ci juna a hankali har su fara wasa, don haka ana duba su lokaci zuwa lokaci.

Na biyu shi ne suwash, faifan nan mai hawa biyu da ke kan babban shaf, wanda ke ɗaukar motsin sarbo ya miƙa wa fuka-fukai. A wasu jirage masu arha, na roba yakan rabu biyu ko ƙwallayensa su tsinke, kuma idan hakan ya faru sau biyu ko uku, sauya shi da na alminiyam ba almubazzaranci ba ne. Na uku shi ne mazaunin moto, saboda alminiyam yana janye zafi daga jikin moton, abin da roba ba ta yi, kuma a yanayin zafinmu wannan riba ce ta zahiri. Ƙa'idar da marubucin wannan shafi yake bi ita ce a bar jirgin ya nuna inda rauninsa yake: sashen da ke lalacewa a kai a kai ba tare da an yi mummunar faɗuwa ba, shi ne ya nemi canji.

Babbar giya da fuka-fukai fa, akwai na ƙarfe?

Babbar giya a bar ta a roba. Ko jiragen gasa masu tsada da giyar roba mai tauri suke zuwa, ita ke haɗuwa da ƙaramar giyar ƙarfe ta moto, kuma idan kan jirgi ya tsaya farat ɗaya haƙoranta ne ke zubewa su ceci moton da shaf ɗinsa. Ta T-Rex 450 tana da haƙora 150, kuma mai koyo ya ajiye biyu ko uku a jaka. Fuka-fukan ƙarfe kuwa haɗari ne tsantsa, har ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, AMA, ta daɗe da haramta farfelar ƙarfe a dokokinta na kiyaye lafiya. Ko na kabon ma, wato baƙin zare mai tauri marar nauyi, gara a jinkirta, domin taurinsu yana miƙa bugu zuwa shaf kamar yadda alminiyam ke yi. Na roba ko na katako sun wadatar a matakin koyo.

Shin ƙurar hunturu da zafin bazara ba su sa roba saurin lalacewa a nan?

Suna taɓa ta. Nailan yana shan danshi daga iska, kuma danshin ne ke ba shi ɗan laushin da yake jure bugu da shi, saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ta bushe ƙarau, yakan fi saurin tsagewa. Rana ma tana gasa roba idan an saba barin jirgi a fili ko a bayan gilashin mota, kuma wannan ya fi zama haɗari ga batirin lipo, irin batirin da jiragen nan ke aiki da shi, wanda zafi ke kumbura shi har ya iya kama wuta. Maganin shi ne ajiya a inuwa cikin akwati, da duba mariƙan fuka-fukai kafin kowane tashi. Wanda ya ga farin layi ko tsaga a jikin mariƙi ya cire shi nan take.

Sai dai ƙura ba ta raga wa ƙarfe. Idan aka shafa mai da yawa a kan shaf da suwash, ƙurar hunturu takan manne ta zama kamar sanfefa, ta cinye launin alminiyam ɗin, ta buɗe ramin har ya fara wasa. Digo ɗaya na mai marar kauri ya isa, a goge ragowar da tsumma, a kuma riƙa share jirgin da burushi bayan tashi. Akwai kuma wata matsala da busasshiyar iska ke kawowa ga jiragen da bel ke juya farfelar wutsiyarsu: gogar bel ɗin a cikin bututu tana tara wutar da kan yi tartsatsi ta rikita risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot a jikin jirgin. Masu harkar sukan haɗa bututun wutsiya da mazaunin moto da 'yar waya domin wutar ta sami hanyar wucewa. Haka nan ƙarfe da kabon suna tare siginar rimot mai gigahaz 2.4, don haka duk wanda ya ƙara su a jikin jirgi ya tabbata bakin eriya yana waje, bai ɓuya a bayansu ba.

Duk sassan alminiyam ɗaya ne?

A'a. Nau'in 7075 ya kusan ninka 6061 ƙarfi, kuma akwai masu arha da ba a ma faɗin nau'insu, waɗanda zaren sukurunsu ke cinyewa a ɗauri na biyu. Launi ba ya nuna inganci. Wata matsalar ita ce dacewa: jirage da yawa kwaikwayon T-Rex 450 ne, amma shi kansa yana da samfura daban-daban, kuma kaurin gajeren shaf ya bambanta tsakanin tsofaffi da sababbi. Mai oda ya auna nasa da ma'auni kafin ya biya, domin mayar da kaya daga Bauchi zuwa Sin yakan fi kuɗin kayan tsada.

Maƙeri ko mai injin sassaƙa ƙarfe a gari zai iya ƙera mini sashen da ya karye?

Ƙafafun sauka, da matokarin wutsiya, da ƙafafun koyo, duk ana iya yi a gida. Ƙafafun koyo ma sanduna biyu ne marasa nauyi da aka gicciya a ƙarƙashin jirgi, aka soka ƙwallon tebur a kowane baki, kuma suna hana kifewa fiye da duk wani alminiyam da za a saya. Wayar da ta tsinke a jikin moto ko filogin batir, masu gyaran wayar hannu irin na wajen Wunti suna da hannun liƙa ta da dalma. Amma duk abin da ke juyawa a kan jirgin ko a wutsiyarsa yana buƙatar awo na ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita da daidaiton nauyi a ɓangarorin biyu, kuma ba a sa na ƙirar hannu a wurin.

Na riga na saya. Me zan kula da shi wajen ɗaurawa?

Duk sukurun da ke shiga cikin ƙarfe yana buƙatar gam ɗin zare, shuɗi, irin Loctite 243, domin jijjiga tana kwance shi a iska. Gam mai launin ja ba ya kwancewa sai da zafi, a guje shi. A wanke zaren da sifirit tukuna, a ɗiga kaɗan a bakin tsinken sakace a shafa, a kuma kiyaye kada ya shiga boris ko ya taɓa roba, saboda yana tsattsaga wasu robobin. Kada a yarda cewa an riga an sa gam daga masana'anta, a kwance kowane sukuru a duba. A sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya a gwada tashi, domin idan an sauya biyar rana guda aka ji jijjiga, ba za a san mai laifin ba. Tsofaffin sassan roba kuma a adana su.

Malam, yarona ɗan shekara goma ne, na ga wani ƙarami an rubuta ƙarfe a kwalinsa. Shi ya fi dacewa?

Alhaji, irin waɗannan, kamar Syma S107G, masu farfela biyu ne a sama da juna, kuma ƙarfen da ake nufi 'yan faranti ne na firam, fuka-fukai da giyoyi duk roba ne. Ba laifi ga yaro a cikin falo, domin suna da natsuwa kuma ba su da nauyi. Amma rimot ɗinsu da hasken infared yake aiki, irin na talabijin, hasken rana yana rikita shi, iska kaɗan kuma tana kwashe jirgin, don haka ba na tsakar gida ba ne. Abin dubawa kafin saye shi ne ko ana samun fuka-fukai da batir na canji. Jirgi mai girman 450 kuwa ba na yaro ba ne sam, yana iya yi wa babba ma mummunan rauni.

Idan ba ƙarfe ba, a kan me ya kamata kuɗin ya tafi?

Da farko manhajar kwaikwayon tuƙi, irin RealFlight ko HELI-X, wadda ake haɗa rimot da kwamfuta a yi ta faɗuwa ba asarar ko sisi, kuma ana iya yi da dare ko ranar da iska ta hana fita. Sannan ƙarin batir uku ko huɗu da caja mai daidaita sel, domin da batir ɗaya mutum minti biyar zai yi ya koma jiran caji, ga halin wutar lantarki. Kowane sel na lipo bolt 4.2 ne idan ya cika, kuma ana ajiye shi a kusan 3.8 idan zai kwana biyu ba a yi amfani da shi ba. Sai jakar kayan gyara da aka yi odarta tare da jirgin: fuka-fukai, shaf babba da gajere, babbar giya, sandunan haɗi, ƙafafun sauka, bututun wutsiya. Kyawawan direbobin kwance sukuru masu baki shida na milimita 1.5 da 2 su ma sun fi kan alminiyam amfani, saboda direba marar kyau yana cinye kan sukuru. Abu mafi ceton kuɗi kuma ba a saye yake ba: a saita makunnin kashe totur a rimot, a horar da yatsa ya danna shi da zarar an ga faɗuwa ta tabbata.

Wurin atisaye yana da nasa tasiri a kan yawan ɓarna?

Ƙwarai. Ƙasar Bauchi mai tsakuwa ce da duwatsu, kuma a rani filaye sukan bushe su yi tauri, sai ga shi bugun da ciyawa za ta shanye ya lanƙwasa shaf. Filin ƙwallo mai ciyawa da sassafe, kafin iska ta taso kuma kafin yara su taru, ya fi ko'ina, bayan an nemi izinin masu wurin. A nisanci filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke Durum, da barikin Shadawanka, da sauran wuraren tsaro. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa tayar da jirage marasa matuƙi yana buƙatar izininta da na ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka mai niyyar shigo da babban jirgi, ko ɗaura masa kyamara, ya bincika ƙa'idar da ke aiki kafin ya yi oda.

Yaushe ne lokacin sauyawa zuwa ƙarfe ya yi?

Idan matuƙi ya iya tsayar da jirgi wuri ɗaya wutsiya na fuskantarsa, da ta gefen dama da hagu, da kuma hanci na fuskantarsa, wanda shi ne mafi wuya saboda dama da hagu suna juyewa, sannan yana zagaya fili ya dawo ya sauka inda ya nufa, yana kuma ƙarar da batir bayan batir na tsawon makonni ba tare da ya karya komai ba, to ya kai matakin da zai iya jin bambanci. Alamar ita ce ya ƙara gudun kan jirgin ya fara juyi masu ƙarfi, sai ya ji jirgin yana jinkirin amsawa ko wutsiya tana kuɓucewa. A lokacin sai a fara da suwash idan ba a riga an sauya ba, a bi da sassan wutsiya, mariƙan fuka-fukai da cibiyar kai su zo a ƙarshe. Kafin a biya kuma a haɗa jimillar kuɗin sassan da na dako a kwatanta da farashin sabon jirgi irin OMP Hobby M2, wanda dama da kan alminiyam da firam na kabon aka ƙera shi, domin sau da yawa jimillar takan kusanci farashin sabon, shi kuma tsohon jirgin na roba sai ya zama na gwada sababbin juyi.